Abin da Mai Wanka Ya Gani a Madekali

Na ƙetare ruwa da yawa a rayuwata. Na hau jirgin da ke ɗaukar motoci a kogin Volta, na ƙetare ruwan Abijan a tsaye tsakanin mata masu kifi, na ga teku a Lome har na ɗanɗana don in tabbatar da gishirin da ake faɗa. Ba wanda ya taɓa ba ni tsoro. Ruwan da ya ba ni tsoro shi ne na kusa da gida, wanda Zabarmawa ke ce wa Isa, mutanen Kabi ke ce wa Kwara, ranar da na zauna cikin kwale-kwale tsakanin Gaya da Malanbil, ina da shekara saba'in da 'yan kai, ina kallon jan ruwan damina, ina tunanin ko ɗana yana ƙarƙashina.

A shekarar an toshe gadar da ta haɗa garuruwan biyu, saboda haka mutane da buhuna da babura duk ta ruwa suke bi. Kwana huɗu kafin zuwana wani jirgi ya kife a tsakiyar gulbi, an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Wani mutumin garinmu na Dogonduci ya ga ɗana ya shiga jirgin nan, zai koma wurin aikinsa na lodin albasa a kasuwar Malanbil. Daga ranar salularsa ba ta sake shiga ba. A gida mahaifiyarsa ta hana a shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Matarsa Hadiza, mai 'ya'ya uku, ba ta san matsayinta ba. Liman ya ce ba gawa, ba shaida, to ba takaba, sai dai ta zauna jiran shekaru, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba. Dangi suka dube ni suka ce, kai ka san hanyoyi, kai ke jin harsuna. Abin da na fito nema ke nan: in komo musu da magana ɗaya tabbatacciya, mai daɗi ko marar daɗi.

Dole in faɗi wani abu tun yanzu, domin ɗan zamanin nan ba zai gane sauran labarin ba in ban faɗa ba. Wanda nake nema ɗan farina ne. A wurinmu, a zamanin da na tashi, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa wasa, ba ya tsura masa ido. Uwa ma haka. Ana yaye nawa yayata ta zo ta ɗauke shi zuwa ƙauyensu, can ya girma. In ya zo gaishe ni yakan durƙusa daga nesa, in amsa ina kallon wani wuri. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake yabon namiji. Na ga Asantawa a Kumasi suna ɗora 'ya'yansu a wuya suna yawo cikin kasuwa, na ga Larabawa a Sabha suna sumbatar ƙattin 'ya'yansu a goshi, nakan ce a raina waɗannan ba su da ta ido.

Zangona na farko ofishin jandarma ne a Malanbil. Wanda na tarar a tebur mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, ba ya jin Dandanci, harshen mutanen wurin. Da na yi masa Faransancin da na koya a tashar jiragen ruwan Abijan sai fuskarsa ta sake, ya ba ni kujera. Ya ɗauki alƙalami ya tambayi sunan wanda ake nema. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya ɗaga kai ya dube ni, yana zaton ban ji ba ne, ya sake tambaya a hankali. Na ce Sahabi. Shekara talatin da tara sunan nan yana duniya, sai ran nan ya fita daga bakina, kuma a gaban baƙon da bai san abin da ya faru a gabansa ba.

Ya duba takardu biyu, ta waɗanda suka tsira da ta waɗanda aka tsamo aka gane. Babu shi a ko ɗaya. Ya ce ba wanda ya rubuta sunayen masu shiga jirgi, saboda haka su kansu ba su san iyakar waɗanda suke nema ba. Ya ba ni shawara in bi ruwa zuwa ƙasa, Garu da Madekali, domin can yake kai abin da ya ɗauka. Shawara ce ta gaskiya, ni ne ban bi ta ba.

A bakin gulbi akwai wata rumfa inda 'yan uwan waɗanda ba a gani ba suke zama, kowa ya zuba wa ruwa ido. Ban daɗe da zama ba wani mutum ya tsuguna kusa da ni, da farar riga wankakkiya da carbi a hannu. Hausarsa irin tamu ce.

"Baba, ina gajiya? Daga Duci, ko? Na ji bakinka. Wa kake biɗa?"

Na ce ɗana ne, mai lodin albasa.

"Dogo haka, ba baƙi ƙwarai ba?"

Na ce haka ne.

"Alhamdu lillahi. Ai da hannuna na kama shi munka hiddo shi tudu. Lahiya tai lau, ruwa dai ya sha, salula kuma ta jiƙe. Shekaranjiya wani direba ya ɗauke shi sunka tahi Kandi da albasa. Tashi, Baba, bar zaman nan, zaman masu makoki na."

An cuce ni a Agadas, an cuce ni a Lome, na san idon macuci kamar yadda na san hadarin da zai zubar da wanda zai watse. Amma duk waɗanda suka cuce ni a baya wani abu suke so daga aljihuna. Wannan bai nemi ko goro ba. Shi ya ɗauki jakata har tasha, ya samo mini gaban mota. Ban lura ba cewa duk abin da ya faɗa game da ɗana, ko dai ni na fara ba shi, ko kuwa abin da ya dace da rabin mazan ƙasar ne. Kafin mota ta tashi na kira gida na ce wa mai ɗakina, Hajiya Baraka, an ga yaron nan da rai. Na ji guɗa ta cikin salula, na ji ƙafafu suna gudu a tsakar gidana.

Kwana uku na yi a Kandi. Na bi kowace babbar mota mai warin albasa, na tambayi direbobi da Hausa, da Zabarmanci, da Faransanci, har da guntun Yarbancin da ya rage mini. Wasu suka ba ni haƙuri, wasu suka zaci bara nake. Ran na uku, bayan la'asar, a masallacin tasha, wani tsohon Bafillace ya dubi zanen fuskata ya yi murmushi. Mu Arawa da Fulani taubasai ne, ko'ina muka haɗu sai an taɓa.

"Ba'are, mi ya hiddo ka gari mai kwalta? Ko iskokin gidanku sunka kore ka?"

Na ce, "Ai gara ni, ina da gidan da za a kore ni. Ɗana nike biɗa. An ce mini ya hita cikin jirgin da ya kihe, ya taho nan."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ce shi ma ƙanensa yake nema, shi ma haka aka faɗa masa.

"Mai hwarar riga?" ya ce.

"Da carbi."

Muka zauna tare har aka kira magariba. Ya raba burodinsa biyu ya ba ni rabi. Ban ma tambayi sunansa ba.

Da na komo Malanbil mutumin ya ɓace. Wata Badandiya mai sayar da shinkafa da miya a bayan rumfar ita ta gaya mini ko wane ne. Ta ce mutumin masu jirgin ne, aikinsa ya rage masu zama a rumfa, domin duk wanda ya tashi, an rage baki ɗaya mai tambaya, an rage gawa ɗaya da za a ɗora musu. Ta ce ta so ta yi mini magana ran nan, ta ga yadda fuskata ta yi haske, ta kasa. Ta zuba mini abinci ta ce kala suru, wato sai haƙuri. Na ci don kada in kunyata ta.

Ban kira gida ba. Na kashe salular na tura ta ƙasan jaka. A can suna dafa abincin sadakar godiya, ni kuwa ina nan da abin da na sani, na rasa bakin da zan kwance abin da na ɗaura.

Kabu-kabu ya kai ni Garu, ta kan wata siririyar hanya tsakanin fadamun shinkafa da ruwa ya shanye. Mu mutanen gero ne, ƙasarmu jigawa da dutse, in ruwa ya yi yawa a wurinmu murna ake. Nan na ga manoma tsaye ruwa har ƙugu suna duban shinkafar da ta nutse. Limamin garin ya sauke ni a zaurensa. Ya ce sun tsamo mace ɗaya da 'yarta, danginsu sun zo sun gane su. Ya ce sun kuma hangi namiji yana wucewa ta tsakiya, inda ruwa ya fi gudu, jirginsu bai cim masa ba.

Shi ne ya bayyana mini al'adar mutanen ruwa. Wanda gulbi ya ci ba a kai shi maƙabartar gari. Inda aka tsamo shi, nan Sarkawa masunta za su yi masa wanka da sallah su rufe shi a gaɓa. A Kumasi na ga ana ajiye gawa a ɗakin sanyi wata da watanni har dangi su taru. A hanyar Sabha na taimaka an rufe mutum biyu a rairayi, muka ɗora duwatsu, ba wanda ya tambayi sunansu, ba kuma wanda zai sake gane wurin. Mutanen gulbi ba sa jira, amma ba sa mantawa. Wanda ya yi wankan yakan riƙe abin da ya gani a jikin mamacin, ko da bayan shekaru wani zai zo nema.

A Garu ne sallah ta fara yi mini nauyi. Ba zan ɓoye ba, tun da ba don a yabe ni nake rubutun nan ba. Nakan tsaya bayan liman, a idar ban san abin da aka karanta ba. In na ɗaga hannu sai in rasa abin roƙo. In ce a ba ni shi da rai, zuciyata ta riga ta daina yarda. In ce a nuna mini kabarinsa, sai in ji kamar ni nake kashe shi. Sai in shafa hannun haka nan. Abin da na fi kewa a kwanakin ba wani babban abu ba ne, furar Hajiya ce da rana tsaka, da kukan jakin maƙwabcina, wanda shekara da shekaru nake tsine masa.

Daga Madekali sai da na taka da ƙafa zuwa tungar masunta, 'yan bukkoki a kan wani tudu, da taruna a shanye da warin kifin banda. Sarkin Ruwansu, Gado, tsoho ne sa'ana, gajere mai faɗin ƙirji, idonsa ɗaya ya yi fari. Na tarar yana ɗinkin taru, bai daina ba har muka gama gaisuwa.

"Akwai mutum guda," ya ce. "Ran kwana ukku munka ishe shi, ciyawar burgu ta riƙe shi. Namiji, babba. Babu takarda, riga ruwa ya tuɓe ta, huska kuwa kihi sun riga mu. Ni na yi mai wanka. Mun rihe shi."

Bai nuna ko'ina da hannu ba.

Na ce, "Mi ka gani jikinai?"

"A'a, Alhaji. Ba haka muke yi ba. Kai za ka hwaɗi, ni in ce i ko a'a."

Na ce ni tsoho ne, na yi kwanaki a hanya, an riga an cuce ni sau ɗaya, ya ji tausayina.

"Tausayin na nike ji. Abin da mai wanka ya gani amana ta. Kuma mai biɗan nashi, komi ka hwaɗa mai sai ya ce i. Zamanin babana an yi haka. Wasu sunka zo daga Kamba, ya ce musu mamacin na da tabo ga kahwaɗa, sunka ce wallahi namu na. Anka yi sadakar arba'in, mata ta gama takaba, ta yi aure, ta haihu. Sai ga mutum ya sauko mota daga Ikko da akwati bisa kai, shina tambayar ina tuwo." Ya yi 'yar dariya, ya ciji zaren. "Tun ran nan ba mu hwara magana. To, ina jin ka. Ɗanka na, ko ba haka ba?"

Na ce dogo ne.

"Ruwa na maida kowa ƙato."

Na ce wankan tarwaɗa ne.

"Bayan kwana ukku cikin Isa kowa launi guda. Haƙora hwa? Akwai wushirya, akwai wanda ya hita? Yatsu? Tabon wuta, tabon lauje, ɗinkin likita? Zanen huska ban tambaye ka ba, na ce maka babu huska. Cibiya tai ƙaƙa take? Uba ai ya san ɗanai."

Na zauna ina laluben cikin kaina. Na tuna Balaraben da na yi wa aikin gini shekara talatin baya, har tawadar da ke gefen hancinsa. Na tuna yatsan da ya guntule a hannun wani ɗan Mosi abokin dakona a Abijan. Na nemi hannun ɗana, ban same shi ba. Na nemi ƙafarsa. Abin da na samu kawai inuwar mutum a durƙushe bakin zaure, da murya tana cewa ina kwana Baba, da bangon da nakan kalla ina amsawa. Bangon na san shi sarai, na san inda ya tsage.

"Ɗan hwari na," na ce.

Gado ya ajiye tarun. Ya daɗe yana dubana da idonsa mai gani. "Ku mutanen tudu," ya ce, bai ƙarasa ba. Ya sa aka kawo mini ruwan sha.

Na bar shi na gangara bakin gulbi, rana tana tsaka. Ban taɓa jin ƙarewa irin ta ranar ba, ko a Sahara da motarmu ta mutu muka kwana biyu muna raba ruwan inji. Can na san abin da nake tsoro. Nan kuwa mai yiwuwa ɗana na kwance taku ɗari daga inda nake, ba kuma abin da ya tsaya tsakanina da shi sai ni kaina. Wata zuciya ta ce in koma in yi ta jefa zato, tabo nan, tabo can, wataƙila in dace, in ɗauki kabarin wani in kai gida. Wata ta ce in bi ruwan nan in faɗa Najeriya, kada in sake komawa Duci, a ce uban ma ya ɓata.

Aka kira azahar daga cikin tunga. Na yi alwala da ruwan gulbin, domin babu wani. Na yi sallah ni kaɗai a kan yashi. Da na sallame na ɗaga hannu, wannan karon ban tsara komai ba. Na ce, ya Allah, ni ban san shi ba, Kai Ka san shi. Kai Ka ƙera shi gaɓa-gaɓa, Kana kallonsa duk ranakun da na kau da kai. Ba ni da sauran dabara, harsunan da nake taƙama da su sun ƙare. Na bar maKa shi, na bar maKa ni.

Ban ga wani haske ba, ban ji wata murya ba. Ruwan ya ci gaba da wucewa da ciyayi da karmami. Amma na ji nauyin ya ragu a wuyana, kamar in ɗan dako ya sami wanda ya kama masa gefen buhu, har na iya tuna abin da ya kamata in tuna tun farko. Akwai wadda ta san jikinsa, kunya ce kawai ta hana ni ko tunaninta.

Na tono salular na kunna, na hau tudu inda take kamawa, kusa da bukkar Gado. Hajiya ta ɗauka da murna, tana tambayar yaushe za mu iso. Na gaya mata gaskiya, tun daga mai farar riga har inda nake tsaye. Ba ta yi kuka ba, ba ta zarge ni ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na tambaye ta ko ta san wata alama a jikin yaron.

"Na haihe shi sumul," ta ce. "Wata ashirin ya yi hannuna. Yayarka ta san sauran, ita kuwa ta riga mu gidan gaskiya."

Na ce ta ba Hadiza.

"Alhaji, surukarka? Ka tambaye ta jikin mijinta?"

"Ba ta."

Tun da aka kawo Hadiza gidana, shekara goma sha biyu, maganarmu ba ta wuce ina kwana da sannu da aiki ba. Na ji numfashinta a salula, na san ta durƙusa ko da ba na ganinta. Na ce, ɗiyata, ki gafarce ni, zan tambaye ki abin da bai kamata ba. Na bayyana mata yadda ake ciki, da sharaɗin Sarkin Ruwa.

Ta ce, "Baba, ba ni iya hwaɗa maka."

Matar Gado, wata dattijuwa mai suna Hwati, tana juya kifi a kan banda tana jin mu. Ta goge hannu a zane, ta karɓe salular daga hannuna ba tare da ta nemi izini ba, ta nufi bukka.

"Ɗiyata, ni ta, uwarki ta nan bakin ruwa. Maza sun kauce, hwaɗa mini."

Iyakar abin da na ji ke nan, ta saki asabari.

Ta jima a ciki. Da ta fito ba ta dube ni ba, ta je wurin mijinta ta sunkuya ta yi masa magana a kunne da Dandanci, ƙasa-ƙasa, yadda ko ni mai jin harshen ban tsinci komai ba. Gado ya tambaye ta abu ɗaya, dama ko hagu. Ta amsa. Ya naɗe tarunsa a hankali, ya sa hula, ya kira maza biyu daga bukkoki.

"Taso, Alhaji. Mu tahi ka gai da ɗanka."

Kabarin yana kan wani ɗan tudu ƙarƙashin giginya. Sun jera masa ƙaya saboda dabbobi, sun kafa guntun itacen tuƙa jirgi a wajen kai. Ƙasar ba ta gama bushewa ba. Wurin da ambaliya ba ta kaiwa suka zaɓa, ga mutumin da ba su san na wane ne ba. Muka yi addu'a. Na tsuguna na daɗe ina kallon tulin ƙasar tun daga kai har ƙafa, ba wanda ya ce mini in tashi. Salular tana hannun Hwati, ita ta gaya wa gida. A yammacin nan aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, Hadiza ta shiga takaba.

A hanyar komawa tunga na ce wa Gado, yanzu da ta tabbata nawa ne, ko zai gaya mini.

"Yanzu hakkinka na," ya ce. "Ƙwabrin hagu. Ƙashi ya taɓa karyewa, anka yi ɗori, ya haɗe da ƙulli kamar ƙwan zabo, ga tabo bisa. Na ji shi da hannuna ran wanka." Ya yi taku kaɗan. "Yarinyar ta ƙara wata magana. Hwati ta ce in bari, amma ni na tsuhwa, ba ni iya ɗaukar amana biyu."

Na ce ya faɗa.

"Ta ce shi ya ba ta labari. Shina yaro gwaggo tai ta kawo shi Duci, ranar kana tashi tahiya. Mota ta ɗaga, ya kubce ya bi ta da gudu, ya kama ƙarhen baya, ya hwaɗi. Ya ce kana zaune bisa kaya, huskarka na gaba. Gwaggo ta hana a gaya maka, wai kada a ce yaro ya yi rashin kunya."

Na gode wa Allah ran nan, har yau kuma ina gode masa. Magana ɗaya tabbatacciya na fito nema, Ya ba ni ta hannun mutanen da ban taɓa yi wa komai ba, a lokacin da na riga na fid da rai. Hadiza ta gama takabarta, ta san matsayinta. 'Ya'yan Sahabi uku suna gidana. Abin da ya rage nawa ne ni kaɗai. Sau goma sha ɗaya na bar Duci a kan kaya a bayan mota, wata tafiyar kudu, wata arewa. Ina zama bayan asuba in bi su ɗaya bayan ɗaya, in tuna launin motar, da direban, da wanda ya zauna kusa da ni, da abin da muka ci a zangon farko. Duk ina tunawa. Ban san a wacce ce ya faɗi ba.